Farar Jikata da Ƙwan Mesa Bakwai

Ɗanzomo, 12 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can Lome kamar yadda muke a nan. Ƙafata ta hagu ta yi sauƙi. Kunnen ne dai yana nan yadda ka bar shi, ko ma ya ƙara nauyi. Shi ya sa na haƙura da waya, kai kana magana ni ina jin kamar iska a cikin kara. Maƙwabciyarmu Magdalena, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Pankshin, ta ce in rubuta da hannuna za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, in ka ba da amsa ta sa a buga mini a Gumel. To ga ranar makarantar yamma da ka yi ta yi mini dariya a kanta, wai tsoho da fensir a bayan kunne.

Ka dubi saman takardar nan. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, don kai ne na fari, kuma kai kaɗai Allah ya bar mini. Yau na rubuta shi. Ashe takarda ba ta da kunya.

Na san an gaya maka, amma tunda ba ni na gaya maka ba, ba a gaya maka ba tukuna. Albishirinka! Na yi jika! An yi suna ranar Juma'a a Gagarawa, gidan surukinka Alhaji Ɗalha, inda Ummukulsum take wankan jego. Sunan marigayiya mahaifiyarka aka sa kamar yadda ka ce, Ummulkhair. Ni bakina ba zai iya kiran sunan nan ba ina kallon wata fuskar, don haka na laƙaba mata Kyauta.

Fara ce sol. Zabiya ce, Nura. Gashin kanta kamar na sabuwar masara, gashin idonta kamar an ja zaren auduga. Da aka miƙo mini ita na ce, "Jama'a ku shaida, yau na yi amarya Baturiya ba ko sisin sadaki." Kowa ya yi dariya ban da Alhaji Ɗalha. Ta kama yatsana ta ƙi saki, ni kuma na ƙi ƙwacewa, har shinkafata ta huce.

Na ga mata suna ƙus-ƙus. Ban ji ba, kurma ya huta da gulma, amma goggonka Kande ta kawo mini har cikin kunne. Wai hotunan macizan nan farare da rawaya da kake turo wa Ummukulsum tana da ciki, su ta yi ta kallo har yarinyar ta ɗauko launinsu. Abin ya ɗan taɓa ni, don tare muke kallo a tsakar gida, ni ne ma mai cewa ta ƙara nuna mini. Kai da ka yi karatun kiwo, gaya mini gaskiya: hoto yana shiga ciki?

Yaushe za ka zo? Gidan ya yi mini faɗi.

Ni ne mahaifinka,
Barau

Lome, 20 ga Fabrairu, 2024

Baba,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina nan ƙalau, sai kewar gida. Na daɗe ina kallon saman takardarka kafin in iya karanta sauran.

Baba, ka kwantar da hankalinka. Hoto ba ya shiga ciki. Wannan tambayar ita ce aikina na kullum, bari in yi maka bayani.

Macizan da muke kiwo a gonar nan ƙananan mesa ne, ba su da dafi. In sun tsorata sai su dunƙule kamar curin fura su ɓoye kai a tsakiya. A daji launinsu baƙi ne da ruwan ƙasa. Mutanen ƙasashen waje kuwa launi suke saye, aikina shi ne in zaɓi macen da za a haɗa da wane namiji don launin da ake so ya fito.

Kowace siffa, ɗa yana karɓar ƙwayar gadonta guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wasu launukan ba su da kunya, ko guda ɗaya aka gada sai ta fito fili. Akwai wani rawaya mai haske, in uba yana da shi, kusan rabin 'ya'yansa da shi za su fito. Ƙwayar fari kuwa mai kawaici ce. In ta haɗu da ta duhu sai ta yi shiru, a ga maciji baƙi kamar kowane, alhali yana ɗauke da ita. Sai ranar da ta haɗu da 'yar'uwarta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, sannan take magana. In aka haɗa masu ɗauke da ita su biyu, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu yakan fito fari. Haka Allah ya tsara ga mesa, haka ga mutum.

Ke nan ni ina ɗauke da ita, daga wajenka ko daga wajen Inna, Allah ya jiƙanta. Ummukulsum ma tana ɗauke da ita, daga Alhaji ko daga Hajiya Safara'u. Tana cikinmu tun kafin a ƙera waya. Ba laifin kowa ba ne, kuma ba laifi ba ne ma. Yanzu haka akwai wata baƙar mace da na haɗa da baƙin namiji, dukansu masu ɗauke da farin, tana gab da yin ƙwai.

Zuwa kuwa, Baba, lokacin ƙwai ya kama. Madam mai gonar ba za ta sake ni ba sai an gama ƙyanƙyasa, wajen babbar Sallah. Hoton Kyauta na wajen suna shi nake kallo in na zauna cin abinci. A kiyaye ta daga rana, fatarta ba za ta jure ba. Sannan ka bincika mini, kwana biyu wayar Ummukulsum ba ta shiga.

Ɗanka,
Nura

Ɗanzomo, 24 ga Maris, 2024

Nura,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ibada, ya shan ruwa a ƙasar mutane? Mu nan zafi ya sauko da ƙarfinsa amma muna lafiya. Na ga hoton ƙwan nan bakwai da ka turo, farare kamar dafaffen dankali an ɓare, uwar ta naɗe su.

Akwai labari marar daɗi da mai daɗi. Arba'in ta cika. Na sa an share ɗakinku, na sayi sabon gidan sauro, na ɗauki Keke ni da Kande muka tafi Gagarawa ɗauko su. Muka dawo mu biyu kamar yadda muka tafi.

Wayar matarka tana aljihun mahaifinta, shi ya karɓe. A zaure ya tare mu, ga limamin unguwarsu da wasu dattawa biyu. Ya ce, "Malam Barau, ba ni da faɗa da kai. Amma 'yata da jikata ba za su koma gidan da macizai ke ciyarwa ba. Abin da suka yi wa wannan ya isa. Ya bar aikin nan ya dawo ya nemi sana'ar mutane, ranar da kaina zan kawo su."

Sai na zaro wasiƙarka na karanta masa, a tsaye, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na zo inda ka ce shi ko Hajiya wani yana ɗauke da farin, sai ya miƙe zumbur. Ya ce, "Wato jinin gidana kake aunawa da na maciji? Sannu ɗan lakwal!" Ka san ya daɗe a ƙasar Damagaram, haka suke kiran makarantar boko a can. Ya ce, "Da furfura aka koya maka abacada, yau kai ne likita."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Na ce, "Alhaji, ita macijiyar nan baƙa ce, mijinta baƙi ne, kuma ba ta da waya balle ta kalli hoto. Ga ƙwanta bakwai. In fari bai fito a ciki ba, ni da hannun nan zan rubuta wa ɗana ya bar aikin. In ya fito fa?"

Ya ce, "In ya fito, a kafaɗata zan kawo maka jikarka."

Liman ya ce wannan ba caca ba ce, alkawari ne, kuma shi shaida ne. Aka shafa fatiha.

Ka ga mai daɗin ke nan. Na yi lissafin a ƙasa da yatsa kafin in buɗe baki: ɗaya cikin huɗu, ƙwai bakwai, ɗaya tabbas, na biyun saura ƙiris. Kai dai ka kula mini da su, kada zafi ko sanyi ya taɓa su. Da na san zan taɓa yi wa ƙwan maciji fatan alheri, da na ce an yi mini asiri.

An bar ni na ɗauki amaryata kafin mu taho. Ta yi nauyi. Ummukulsum ta durƙusa ta gaishe ni.

Mahaifinka,
Barau

Lome, 26 ga Maris, 2024

Baba,

Ina gaisuwa, Allah ya karɓi ibada. Lafiyata lau amma wasiƙarka ta hana ni sukuni.

Baba, don Allah ka koma Gagarawa ka janye alkawarin nan tun da sauran lokaci. Laifina ne, ban yi bayanin ya cika ba. Ɗaya cikin huɗu ba kamar zakkar gero ba ne, da za a ce duk dami goma a ware ɗaya. Kowane ƙwai da rabonsa, bai san abin da ɗan'uwansa ya samu ba. Sai an tara ƙwai ɗaruruwa ake ganin lissafin ya daidaita. Ka dubi Goggo Kande. Haihuwar namiji da mace ai rabi da rabi ne, amma 'yan mata shida ta jera. A bakwan nan za a iya samun uku farare, za a iya rasa ko ɗaya. Na sha ganin duka biyun.

Da ka tambaye ni kafin ka sa aikina da gidana a bakin ƙwai. Na kira mai shagon bakin titi ya kai maka waya, ya ce ka yi ta cewa "na'am, na'am" ka miƙa masa abarsa.

Ka ce wa Alhaji ka yi saurin baki, ba abin kunya ba ne. Ka ce wa Ummukulsum ban manta da ita ba ko na yini ɗaya.

Nura

Ɗanzomo, 19 ga Afrilu, 2024

Nura,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Muna lafiya. Wannan takardar zan rubuta in ajiye, don Magdalena ta tafi gida bikin Ista washegarin da ta tura maka waccan, aka ce mahaifiyarta ba lafiya, har yau ba ta dawo ba. Ban san ko ka ba da amsa ba. Na ɗauki shirunka a kan cewa komai yana tafiya daidai.

Ranar Sallah na je Gagarawa da 'yar riga da hula mai faɗin baki da na sa tela ya ɗinka saboda rana. A zaure aka kawo mini ita, kamar baƙo. Ta fara dariya yanzu, dariya ba haƙori irin tawa. Na ce mata, "Amarya, ki yi haƙuri da gidan haya, wata mai zuwa za ki tare." Alhaji ya ce, "A dai bari kaza ta ƙyanƙyashe kafin a ƙirga." Na ce, "Ba kaza ba ce, Alhaji." Har liman sai da ya murmusa.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari duba rago, don ranar da za su dawo ba zan tarbe su da miyar kuka ba. Labarin ya riga ni zuwa. Dillalai suna ce mini Baban Mesa. Na tsaya a karar tumaki na yi musu bayanin ƙwayar gado mai kawaici, har wani Bafillace ya ce shi ya sa jar akuyarsa ta taɓa haifa masa fari. Na ji daɗi ranar, kamar kana tsaye a bayana.

Da yamma ne abin yake damuna. In na dawo daga masallaci, ba mai cewa sannu da zuwa. Gidan sauron nan yana rataye, na ɗaure shi sama don ƙura.

Ƙari, 2 ga Mayu.

Magdalena ta dawo jiya, mahaifiyarta ta sami sauƙi. Ta kawo mini takardarka da ta kwana fiye da wata a wayarta. Ta yi ta ba ni haƙuri, na ce ba ita ta yi alkawari ba.

Na karanta sau uku. Na gane maganar Kande da 'yan matanta. Amma janyewa ba zan yi ba. Magana zarar bunu ce. A gaban liman na faɗa, a kasuwa na maimaita. In na koma yanzu, Alhaji zai ce duk bayaninka ƙarya ne tun daga farko, ba lissafina kaɗai ba.

Ka ce da na tambaye ka. Wannan layin ya yi mini zafi. Wa zan tambaya, Nura? Bangon ɗakinka? Ni kaɗai nake tsaye a zauren nan ana ce wa jikata aikin maciji.

Ragon ban saya ba tukuna.

Barau

Lome, 17 ga Mayu, 2024

Baba,

Ina gaisuwa, kuma ina neman gafara. Ban rubuta layin nan don in ɗora maka laifi ba. Tsoro ne ya rubuta shi. Na san kai kaɗai ka tsaya inda ya kamata a ce ni ne a tsaye.

Sun ƙyanƙyashe. Ɗaya ya lalace tun a makon farko, saura shida. In lokaci ya yi, kowane yakan tsaga ɓawon ya leƙo da kai kawai, ya zauna haka yini ko biyu yana kallon duniya kafin ya yarda ya fito. Na farko baƙi. Na biyu da na uku baƙaƙe. Na ƙarshen ya daɗe bai tsaga ba, na bar sauran aikina ina ta zagayowa wajensa. Na yi addu'a a kan ƙwan maciji, Baba. Jiya da hantsi ya leƙo. Baƙi ne.

Wani abokin aikina ya ga yadda na zauna. Ya ce ga farare uku a wani kwando da suka fito shekaranjiya, in ɗauko ɗaya in sa cikin waɗannan in ɗauki hoto, wa zai sani a Gagarawa? Na ɗauko shi. Ya dunƙule a tafin hannuna, fari da rawaya, idonsa ja kamar garwashi. Na riƙe shi na ɗan jima, sannan na mayar da shi wajen 'yan'uwansa. Ba na son Kyauta ta shigo gidanmu ta ƙofar ƙarya. Ga hoton shidan kamar yadda suke.

Abu ɗaya zan ƙara, ko ba zai yi amfani ba. Shidan nan baƙaƙe ne a ido, amma farin bai ɓace ba. In uwa da uba duk suna ɗauke da shi, to cikin 'ya'yansu masu duhu, biyu cikin uku sukan gaje shi a ɓoye. Wataƙila huɗu daga cikinsu, wataƙila fiye ko ƙasa, ba zan sake yi maka alkawarin lissafi ba. Ba mai iya nuna su da yatsa sai ranar da suka haihu.

Abin da ka yanke shi zan bi.

Ɗanka,
Nura

Ɗanzomo, 21 ga Mayu, 2024

Ɗana,

Na gaishe ka. Jikina lafiya.

Na ga hoton. Na ƙirga su har da gilashin Magdalena, ko akwai wanda ya ɗan yi haske. Babu. Ka kyauta da ka mayar da farin can.

Ga cika alkawari, da hannun da na ce: ka bar aikin ka dawo gida.

Na rubuta, kuma zan gaya maka abin da ya ba ni mamaki. Na zaci rubutun zai yi mini wuya. Bai yi ba. Na san wahalar da ka sha kafin ka sami aikin nan, na san kana son sa, na ji yadda kake maganar ƙwan nan kamar manomi da gonarsa. Duk da haka da na rubuta "ka dawo gida" sai na ji wani sanyi a ƙirjina. Ina jin kunyar wannan sanyin, don da guminka aka saye shi.

Ban je Gagarawa ba tukuna. Sai amsarka ta zo in tafi da takardun gaba ɗaya, ya ji da kunnensa cewa Barau ba ya saɓa alkawari.

Mahaifinka

Lome, 25 ga Mayu, 2024

Baba,

Na ji, na bi. Na gaya wa Madam zan tafi ƙarshen watan gobe. Ta ce in ƙara tunani, ba za ta nemi wani ba sai bayan mako biyu. Na ce mata mahaifina ya yi magana.

Ban san me zan yi a gida ba, amma ba za a rasa ba. A gaya wa Alhaji ya ba Ummukulsum wayarta, in ji muryarta ko sau ɗaya.

Nura

Ɗanzomo, 3 ga Yuni, 2024

Nura,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mu uku. Ka sake karanta wannan layin. Mu uku.

Kafin komai, ka ajiye takardar nan ka ruga wajen Madam ka ce mata kana nan. Sannan ka dawo ka karanta sauran.

Ranar Asabar na je Gagarawa ni da Kande. Aka kira liman. Na ce, "Alhaji, na faɗi." Na nuna hoton baƙaƙen nan shida, na karanta tawa takardar da amsarka. Liman ya ce a karanta har wadda ta zo da hoton, don shaida ta cika. Na karanta duka, har wajen farin da ka ɗauko ka mayar, har wajen 'ya'ya masu duhu da ke ɗauke da fari ba mai iya nuna su.

Alhaji bai yi murna irin ta wanda ya ci ba. Ya ce, "To shi ke nan, ya dawo mu gani." Na fara naɗe takarduna.

Sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Hajiya Safara'u ce. Ka san tun da aka ɗaura aurenku ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ta yi magana da ƙarfin da har ni na ji ba tare da Kande ta maimaita mini ba.

Ta ce, "Alhaji, ni fa, a ƙauyen can na bayan Magarya, hoton wa na kalla?"

Ya ce, "Safara'u, shiga gida."

Ta ce, "Shekara talatin ina shiga gida. Yau dai a bar ni a bakin ƙofa. Za ka raba yaron mutane da abincinsa a kan abin da ni da kai muka binne da hannunmu?"

Alhaji ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Da ya fara magana a hankali ya yi, sai da Kande ta matso kunnena. Ashe ɗansu na fari namiji ne, Yazid sunansa, fari sol kamar Kyauta. A can ƙasar Damagaram aka haife shi. Bai ga ƙarshen damina ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Amma kafin ya rasu bakin mutane ya gama da uwarsa, wasu su ce aljanin rijiya ne, wasu su faɗi abin da ya fi wannan muni. Shi ya sa suka tattaro suka dawo Gagarawa inda ba wanda ya sani. Ko Ummukulsum ba a taɓa gaya mata tana da yaya ba.

Ya dube ni ya ce, "Malam Barau, gara a ce maciji ne. Maciji yana Lome. In aka ce jinina ne, sauran 'yan matana biyu wa zai aura?"

Na ce, "Alhaji, ni ma ai jinina ne. Ko nawa ko na matata da ke ƙasa. Mu biyu muka haɗa kuɗin yarinyar nan, kai ka kawo rabi ni na kawo rabi, kuma ni dai ban ga asara ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da share ido. Liman ya ce bambancin launin mutane yana cikin ayoyin Allah, kuma duk mai neman auren da zai gudu saboda wannan, gudunsa alheri ne. Alhaji ya ce, "Na yafe maka alkawarin. Ka faɗi, amma ni ma ban ci ba."

Muna cikin haka sai ga Ummukulsum, goyo a baya, ƙullin kaya a hannu. Ta ji komai. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, a ba ni wayata." Ya zaro ya ba ta. Ta ce, "Kuma a gaya mini inda kabarin yayana yake, wata rana zan kai masa 'yarsa." Hajiya ta juya ta shige, wannan karon ba wanda ya ce ta shiga.

Bai kawo ta a kafaɗa ba, a Keke muka zo, amma shi ya riƙe ta tun daga Gagarawa har ƙofar gidanmu, ya lulluɓe ta da babbar rigarsa saboda rana. Da zai miƙo mini ita sai da na ɗan ja kafin ya sake ta.

Wayar ta mutu don daɗewa, tana caji a shagon bakin titi. Yau da yamma za ta kira ka. Yanzu haka ina jin ƙamshin tuwo daga madafa, ga amaryata a kan tabarma kusa da ƙafata tana faɗa da yatsun ƙafarta. In ka ga rubutun ya karkace, ita ce ta ja gefen takardar.

Umarnin da na ba ka na janye shi. Ka gama ƙyanƙyasarka, ka riƙe aikinka. Amma roƙon ban janye ba. Magdalena ta duba ta jiya, ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai masu irin fatarta idonsu ba ya kai wa nesa, nan gaba za a yi mata gilashi. Na gwada da kaina. In na tsaya a bakin ƙofa ina mata wasa, ba ta san da ni ba. Sai na sunkuyo har gemuna ya kusa taɓa goshinta, sannan ta gane ni ta yi dariya.

Wannan yarinyar ba ta ganin mutum daga nesa, Nura. Ka zo da Sallah, ka sunkuyo.

Ni ne mahaifinka, kakan Kyauta,
Barau